Akawun 'Yan Gwari

Azumi yana da kwana 11 a shekarar 2025, muna zaune bayan an sha ruwa muna duba takardun jarrabawar ɗalibai, sai waya ta yi ƙara. Kawunmu ne, ƙanen mahaifiyarmu, daga Ikko. Mutum ne wanda bai saba kiran kowa ba sai dai a kira shi, saboda haka tun ba mu gama gaisawa ba gabanmu ya faɗi. Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Malam, wata takarda ce hukuma ta aiko mini. An karanta mini ita har sau biyu, ban gane komai ba sai yawan kuɗin. In kana da sarari ka zo." Muka ce, "Kawu, nawa ne kuɗin?" Ya ce, "Ba maganar waya ba ce."

Shekararsa 36 a kasuwar Mile 12 yana dillancin kayan gwari. Da kuɗin tumatir da attaruhu aka saya mana littattafan sakandare, da su kuma aka biya mana kuɗin jami'a sa'ad da mahaifinmu ya kwanta ciwon ajali. Bai taɓa ambaton wannan ba ko da wasa, bai kuma taɓa neman komai a wurinmu ba sai a wannan dare. Kashegari muka nemi izinin mako biyu a sashe, muka kama hanyar Kudu, zuciyarmu ɗauke da wani zato wanda yanzu muke jin kunyar faɗinsa, watau cewa duk abin da aka rubuta da Turanci ba zai gagari mai digiri uku ba.

Ga mai karatun da bai taɓa zuwa ba, Mile 12 tana bakin babbar hanyar da ta tashi daga Legas ta nufi Ikorodu, a yankin Ketu, cikin Ƙaramar Hukumar Kosofe. Tun kafin assalatu manyan motoci ke jeruwa, ga tumatir daga Kadawa da Kwanar Gafan da Ɗanja da kewayen Zariya, ga albasa daga ƙasar Sakkwato da Kabi, ga tattasai da attaruhu. Motar da ta taso daga Kano takan ci kimanin kilomita 1,000, ta ƙetare Kwara a Jebba, ta ratsa Ilori da Ogbomosho da Badun, alhali kuwa abin da ta ɗauko ba ya jiran kowa. Sau biyu a 'yan shekarun nan mutanen Legas suka san darajar wannan wuri: a watan Maris na 2016, da Gwamna Akinwunmi Ambode ya rufe kasuwar bayan wani rikici da aka yi asarar rayuka a cikinsa, da kuma ƙarshen Fabrairun 2021, da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta tsai da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun.

Aikin Kawu a cikin wannan hayaniya mai sauƙin faɗi ne. Manomi ko ɗan sari a Arewa ya loda kaya, ya bugo waya ya ce mota kaza tana tafe da kwando kaza. Kawu ya karɓa, ya sa 'yan dako su sauke, ya sayar wa matan Yarabawa masu sari, waɗansu kuɗi hannu, waɗansu bashi zuwa yamma ko jibi. Ya fitar da kuɗin mota, da na saukewa, da na ƙungiya, da la'adarsa, ya aika wa mai kaya saura. Babu sa hannu, babu shaidu, sanayya ce kurum da amana. Wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya rubuta littafi guda a 1969 a kan yadda Hausawan Sabo a Badun suke tafiyar da cinikin shanu da goro bisa irin wannan amana. Da can kuɗin a hannu suke yawo, daga aljihu zuwa aljihu. Amma da aka canza fasalin Naira, tsabar kuɗi ta yi ƙamfa a farkon 2023, sai kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Tun daga nan kogin kuɗin jama'a ya riƙa ratsa asusun Kawu na banki, shi kuwa abin da yake sha a ciki bai wuce cikin moɗa ba.

Takardar da ta hana shi barci, gida ne asalinta. Ya sayi wani ɗan gida a Agege, inda Hausawa suka kafa zango tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa, yana so ya mai da takardun da sunansa don kada 'ya'yansa su wahala bayan ransa. Cikin abubuwan da aka nema har da takardar shaidar biyan haraji, wadda take nuna abin da mutum ya samu da abin da ya biya a shekaru 3 da suka gabata. Kawu ya miƙa tasa hankali kwance, domin kowace shekara yakan ba wani mutum kuɗi, mai kwat da jaka, wanda yake bin rumfuna yana cewa shi ya san hanya, bayan mako guda ya kawo takarda da tambarinta tsaf. Da aka duba lambarta a kwamfuta sai aka tarar babu ita babu dalilinta. Mai jaka kuwa ya yi layar zana. Aka ce Kawu ya kawo takardun bankinsa a san matsayinsa. Ya je ya karɓo ya miƙa ba tare da wani bayani ba, da yake a ganinsa mai gaskiya ba ya bukatar dogon zance. Ma'aikata suka ga miliyoyi suna shiga, ba su ga abin da zai nuna musu cewa na waɗansu ne ba, sai suka yi abin da doka ta ba su dama idan mutum bai kawo lissafinsa ba, watau suka ƙiyasta. Abin da suka yanka masa ya kusa kuɗin gidan. Doka ta ba mutum kwana 30 ya rubuta ƙorafi in bai yarda ba. Kawu kuwa ninke takardar ya yi, ya sa a aljihun 'yar-ciki, har ta kwana 16 kafin ya kira mu.

Daren da muka sauka sau uku muka karanta ta. Kowace kalma mun san ta, amma da aka haɗa su ba mu san inda suka dosa ba. Mu 'yan albashi tun kafin kuɗi ya iso hannunmu an yanke haraji, ba mu taɓa cika fom ba, ba mu taɓa tambayar yadda aka yi lissafin ba. Wani maƙwabcin rumfar Kawu ne ya ga muna juya takarda kamar mai neman aya, ya ce, "Ku bar wahal da kanku, ku je wurin Akawu."

Akawu laƙabi ne da 'yan kasuwa suka sa masa har ya danne sunansa na yanka. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a saman bene bayan layin 'yan albasa, tebur guda, kwamfuta, injin buga takarda, ɗan janareto a bakin ƙofa, da benci biyu. Haifaffen Agege ne, jikan wani bafataken goro, yana jin Hausa da Yarabanci da Turanci da buroka. Ya yi karatun akanta, ya kuma ci jarrabawar cibiyar ƙwararru kan haraji ta ƙasa, wadda ake kira CITN, da aka kafa a 1982, doka ta tabbatar da ita a 1992. Takardar shaidarsa tana rataye a bango, amma ba mu ga wanda ya ɗaga kai ya dube ta ba. Abin da yake kawo mutane wurinsa shi ne sun san mahaifinsa, sun san masallacin da yake salla, sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa in abu ya ɓaci.

Mun same shi a lokacin da ya fi kowane matsi. Ranar 31 ga Maris ce wa'adin da duk mai sana'a zai gabatar wa hukumar harajin jihar da yake zaune bayanin abin da ya samu a shekarar da ta wuce, kuma a wannan shekara kwanakin Maris da na azumi tare suka tashi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a bencin Akawu mun ga ana fafe ta har bayan mota ta tashi. Da yake mun zama 'yan zaman shago na kwana da kwanaki, bari mu ba mai karatu kaɗan daga abin da idonmu ya gani.

Wani ya shigo da baƙar leda, ya zazzage ta a kan tebur. Rasit ne na shekara guda, waɗansu sun sha ruwan tumatir sun manne da juna, waɗansu kuwa, irin 'yan siraran nan da na'urar POS take fitarwa, zafi ya goge rubutunsu sun koma fari fat. Akawu ya riƙa ɗaga su ɗaya ɗaya wajen hasken taga. Wani kuma sunansa uku: a katin shaidar ɗan ƙasa yana amsa sunan mahaifinsa, a banki sunan garinsu, a lasin tuƙi laƙabinsa. Shi a wurinsa duk shi ne, kowa ma a kasuwa ya sani, amma kwamfuta ta ce mutum uku ne, kuma ba ta jin rantsuwa. Kafin a yi maganar haraji sai da aka aika shi kotu ya yo takardar rantsuwa a kan sunansa. Waɗansu 'yan'uwa su biyar asusu ɗaya gare su, a cikinsa ake zuba kuɗin ciniki, da na adashi, da gudummawar biki, da abin da aka tara don gyaran rufin masallacin ƙauyensu. In an gama da waɗannan duka, an shigar da komai, sai a danna a tura, intanet ta tsaya, ko wuta ta ɗauke, a koma farko.

Tambayar da ta fi yawa kuwa ita ce, "To, tikitin da muke yanka kullum fa, shi ba haraji ba ne?" Mun ji Akawu ya amsa ta ya fi sau goma, bai taɓa ɗaga murya ba. Yakan jera kwalaben ruwa uku a tebur ya ce wannan aljihun ƙungiyar kasuwa ne, wannan na tikitin rumfa da shara ne, wannan kuwa na gwamnatin jiha ne, shi ake biya a kan ribar da mutum ya samu a shekara. Zuba wa ɗaya ba ya cika ɗaya. Mai tambaya yakan girgiza kai ya ce aljihunan uku ne, amma nasa da ake cirowa ɗaya ne. A nan Akawu ba ya musu.

Daɗa ga maganar ladan aiki. Mutumin da ya ba mai jaka dubbai ba tare da tayi ba, shi ne zai tsaya yana ciniki da Akawu kamar ana sayen kwandon da ya kwana. Wani ya biya rabi ya ce saura sai bayan salla. Wani ya aiko da buhun albasa. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Ya yi albarka," ya sauka bene. Duk da haka ba wannan ne ya fi damunsa ba. Ya ce mana wata rana muna jiran a kira magariba, "Dakta, in na shiga ofis kallon mai ɓoye wa 'yan'uwansa dukiya ake yi mini. In na dawo kasuwa kallon ɗan leƙen asirin gwamnati ake yi mini. Kullum sai na yi wa ɓangare biyu rantsuwa."

Wannan zargi ba daga sama ya faɗo ba, kuma bai kamata mu da muka yi boko mu kira shi jahilci ba. Jangali da kuɗin gari suna cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi sarakunan Hausa da su a cikin Kitabul Farƙ. Da Turawa suka ci ƙasa, suka tsara haraji da dokokin 1904 da 1906, suka ɗora tattara shi a wuyan hakimai da dagatai da masu unguwa. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda ake kora shanu daji in an ji malamin jangali yana tafe, da yadda magidanci kan bar gari cikin dare saboda kuɗin da ba shi da su. Shi ya sa da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan sun hau mulki a 1979, talakawa suka ɗauke shi tamkar an kwance musu igiya. Kawu yana saurayi aka yi wannan. Darasin da zamaninsa ya koya masa shi ne, abin da hukuma ba ta ƙirga ba shi ne naka. A da wannan dabara ta tsirar da mutane. Yau kuwa banki ya riga ya ƙirga komai, har da abin da ba naka ba, kuma wanda ya yi shiru shi ake ɗora wa duka.

A nan ne za mu faɗi namu laifin. Rana ta biyu, da muka ga kwanaki suna ƙurewa, muka ja Akawu gefe muka ce, "Ai ba sai an tona komai ba. Ka rubuta musu cewa abin da yake samu kaza ne, ka sa ɗan adadi mai sauƙi, a rufe maganar." Ya dube mu ya ɗan yi murmushi, ya ce, "Dakta, in ɗalibi ya kawo maka kundi bai nuna inda ya samo bayaninsa ba, kana sa masa hannu?" Muka yi shiru. Ya ce, "Mai jaka ma ai sauƙi ya sayar masa. In na ƙago adadi, ga takardar banki nan za ta ƙaryata ni. Ni a karɓe mini takardar aiki, Alhaji kuma ya tashi daga wanda aka cuta ya koma wanda ya yi wa hukuma ƙarya. Gaskiyarsa ta fi kowace ƙarya araha, in dai za mu iya nuna ta a rubuce." Mun yi shekaru muna koya wa ɗalibai waƙoƙin wa'azi, ga shi yaron da muka girme da shekara goma ya yi mana wa'azi a bakin bene, da azumi a bakinmu.

Nuna gaskiyar kuwa shi ne babban aiki, domin Kawu ya kafe. Da aka ce ya kawo sunayen masu kaya da abin da ya aika wa kowa, sai ya ce, "Kuɗin mutane ne, asirin mutane ne. Mutum ya amince mini shekara ashirin, in ɗauki sunansa in kai wa hukuma? Gara su karɓi gidan." Mu muka yi ta kawo hujjoji, muna karanto sashe kaza na doka, ko gezau. Akawu bai ce komai ba. Sai bayan sallar asham ya zo ya zauna a gefen tabarmar Kawu, aka yi hirar tsadar mai da ta kuɗin mota, kana ya ce, "Alhaji, bana ka fitar da zakka?" Kawu ya ce, "Na fitar mana, ban taɓa wuce goma ga azumi ba." Akawu ya ce, "To, Alhaji, ɗaya cikin arba'in ɗin nan, a cikin kuɗin mutane ka cire ko a cikin naka?" Kawu ya ce, "A'uzu billahi, a cikin nawa." Ya ce, "Yaya aka yi ka san naka?" Kawu ya daɗe yana jan carbi bai amsa ba.

Da safe ya iso shago da wani ƙunshi a cikin tsohon rawani. Littattafan rubutu ne irin na 'yan firamare, sun fi talatin, an rubuce su da biro cikin ajami. Kowace mota tana ciki, da ranar zuwanta, da mai kaya, da yawan kwanduna, da abin da aka sayar, da abin da ya ruɓe, da abin da aka aika. Mutumin da ake cewa ba ya ajiye lissafi, ashe shekara 36 yana ajiyewa, sai dai ba don hukuma ba, don ranar da za a tambaye shi haƙƙin mutane. Akawu ya yi karatun allo, amma hannun Kawu a cukurkuɗe yake, ga alamomin da shi kaɗai ya san ma'anarsu. Mu kuwa shekarun da muka yi muna ƙura wa tsofaffin takardun waƙoƙin ƙarni na 19 ido, sai a ranar muka ga amfaninsu a gida. Muka raba aiki: mu muna karantawa, Kawu yana fassara alama, da'ira bashi ne da aka biya, gicciye kaya ne da suka lalace, Akawu yana shigarwa a kwamfuta yana gwada kowane layi da takardar banki.

Cikin neman littafin bara hannunmu ya faɗa kan wani tsoho, na shekarar 2002. A tsakiyar lissafin albasa muka ga sunanmu, da kuɗin rajista, da na ɗaki, da na mota. Ba a sa shi a shafin bashi ba, a shafin cefanen gida aka sa shi, tsakanin kuɗin hatsi da na sabulu. Muka rufe muka mayar cikin rawani. Kawu yana kallon taga, ba mu sani ba ko ya gani.

Maganar sunaye kuwa Akawu ya warware ta da abu biyu. Ya nuna wa Kawu cewa sunayen suna nan a takardar bankin da ya riga ya miƙa, sai dai babu wanda ya bayyana ko su wane ne. Sa'an nan ya ce kada a rubuta sunan kowa sai da izininsa. Kawu ya kwana biyu yana buga waya Kura da Ɗanja da Hunƙuyi, yana neman afuwa kafin ya faɗi bukatarsa. Manyan masu kayansa duk suka yarda, har waɗansu suka sa aka rubuta musu takarda cewa shi dillalinsu ne. Mutum ɗaya ya ƙi, aka bar shi, Kawu ya ce ya fi son ya biya a kan kuɗin wannan da ya saɓa masa. Ranar Litinin, 24 ga wata, saura kwana ɗaya wa'adi ya cika, Akawu ya kai takardar ƙorafi da lissafinta a liƙe, tare da bayanin yadda aka yi da mai jaka.

Ba mu so mai karatu ya zaci komai ya dawo. Mun koma bakin aiki, Akawu ya ci gaba da zirga-zirga, sai dab da babbar salla aka kammala. Lissafin shekara biyu ya karɓu kusan yadda yake. Na ukun kuwa rabin littafinsa ruwan damina ya ci, aka yi masa ƙiyasi, Kawu ya biya fiye da abin da ya san ya samu. Kuɗin da direbobi suke bayarwa a shingaye daga Arewa zuwa Legas, waɗanda suke fita daga cikin ciniki, ba su shiga lissafi ba, domin masu karɓarsu ba sa ba da rasit. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji, amma yawan karɓe-karɓen hanya yana cikin koke-koken fatake a yajin 2021. Abin da mai jaka ya ci kuwa ya ci. Duk da haka abin da aka yanke ya dawo daidai ƙarfin Kawu, ya biya kashi kashi, ya karɓi takarda wadda kwamfuta ta san da ita, gidan Agege ya tsira.

Bayan haka da 'yan makonni, ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, aka tsai da 1 ga Janairu, 2026 ranar fara aiki da su. A sabon tsarin, Naira 800,000 na farko a abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, a yi ta hawa har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Mu ƙaddara dillali ne wanda miliyan 60 suka ratsa asusunsa, la'adarsa a ciki miliyan 3. In an yi masa lissafi a kan miliyan 3, Naira 330,000 zai biya. In kuwa aka ɗauki miliyan 60 ɗin duk nasa ne, abin da zai hau kansa ya kai miliyan 12 da dubu 930, watau ya ninka duk abin da ya samu sau huɗu da ɗoriya. Tsakanin waɗannan adadi biyu babu komai sai littafi da wanda zai iya karanta shi. Sauƙin da doka ta yi wa mai ƙaramin ƙarfi ba zai same shi ba sai ya iya nuna ƙaramin ƙarfin nasa.

Wannan ya shafe mu, mu malamai da ɗaliban Hausa. Duk bambancin da fom ɗin haraji yake nema, bakin kasuwa yana da kalmarsa tun kaka da kakanni: ciniki daban, riba daban, ga uwar kuɗi, ga la'ada, ga ajiya, ga bashi, ga faɗuwa. Abin da ya rage shi ne a samu masu zama su daidaita waɗannan da kalmomin doka, su rubuta ɗan littafin jagora da boko da ajami wanda yaron shago zai iya karanta wa maigidansa. Muna sa ɗalibai su tattaro kirari da karin magana, hakan kuwa daidai ne. Amma ɗalibi ɗaya da zai yi wata guda a benci irin na Akawu, a Mile 12 ko a Dawanau ko a 'Yan Kaba, zai dawo da kundin da wani zai ci moriyarsa kafin ya yi ƙura a kanta.

Yanzu Kawu asusu biyu gare shi, ɗaya na masu kaya, ɗaya nasa. An kafa wata doguwar ƙusa a ginshiƙin rumfa, kowane rasit a nan ake soke shi, ɗansa na uku kuma yana kwafe lissafi da boko duk ranar Juma'a ya kai wa Akawu. Shi dai Kawu bai bar ajaminsa ba, ya ce wancan na gwamnati ne, wannan na Lahira. Kwanan baya mun kira shi mu gaishe shi, bayan ya gama tambayar iyali sai ya ce, "Af, Malam, kai naka harajin nawa suke cira a wata?" Muka ce za mu duba. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "To, duba. In ya gagara, ka san shagon."

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke wuyanmu, amin.